Mama Ta Kwana a Ƙasan Banɗaki, Yayana Yana Son Cika Gidan da Kyamara

Wata 'yar'uwa ta aiko mini da wasiƙa, ga abin da ta ce a taƙaice: "Mahaifiyarmu tana da shekara 74, tana fama da hawan jini, kuma tun rasuwar mahaifinmu ita kaɗai take kwana a gida, domin mai taimaka mata da aiki takan tafi da yamma. Watan jiya ta zame a banɗaki cikin dare, ta kasa tashi, tana nan kwance har gari ya waye. Kafin wannan ma, sau biyu ana tarar da murhun gas a kunne babu komai a kai. Ni da yayana aiki ya kai mu nesa, ita kuma ta ce ba za ta bar gidanta ba. Yayana ya yanke shawarar sanya kyamara a kowane ɗaki, da makullin da ake buɗewa da waya, da sauran na'urorin da ake haɗawa da intanet. Mama ta ce ita ba fursuna ba ce da za a riƙa leƙenta. Yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ni kuma na kasa barci. Shin na'urorin nan suna da amfani da gaske, kuma yaya zan yi da su biyun?"

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa abin ya zama kaffara, ya kuma yi muku albarka ke da yayanki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a duk karatun wuri ɗaya nake tsayawa, wato inda kika ce tana kwance har gari ya waye. Ina jin wannan ne yake hana ki barci. Faɗuwa takan faru ko da gida cike yake da mutane, amma sa'o'in nan da ta yi a kan daɓe mai sanyi, tana kira babu mai amsawa, su ne abin da zuciyar ɗa ba ta iya ɗauka. A kan waɗannan sa'o'in zan gina amsata, domin duk wani amfani na gaskiya da na'urorin gida na zamani suke da shi wajen tsaro da lafiya yana komawa ne ga abu guda: su taƙaita lokacin da ke tsakanin aukuwar matsala da isowar mutum. Na'urar da ta yi wannan ta cancanci shiga gidan Mama, wadda kuwa ba ta yi ba, komai kyawunta a talla, tarkace ce.

Damuwarku tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 suke mutuwa kowace shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ta kuma nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Likitoci sun daɗe da sanin cewa daɗewa a ƙasa bayan faɗuwa cuta ce mai zaman kanta. Idan dattijo ya wuce awa guda yana kwance a wuri mai tauri bai iya motsawa ba, ruwan jikinsa yana raguwa, sanyi yana ratsa shi, tsokar da nauyin jiki ya danne tana iya lalacewa ta saki sinadarin da ke yi wa ƙoda lahani, ciwon huhu kuma yana iya biyo baya. Akwai ma wani rauni da hoton asibiti ba ya nunawa, shi ne tsoro. Wanda ya taɓa kwana a ƙasa yakan rage zirga-zirga don gudun sake faɗuwa, ƙafafu su ƙara rauni saboda zama, sai faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi fiye da ta farko. Wannan ne yake tura gidaje da dama zuwa ga waɗannan na'urori: 'ya'ya irinku da aiki ya nesanta, da iyaye irin Mama da suke son su ci gaba da zama a ɗakin da suka saba, da tsoron dare da ke tsakaninsu.

To, mu zo kan kyamara, tunda ita ce ta haddasa saɓanin. Ina so ki yi wa yayanki tambaya guda cikin ladabi: a daren da Mama ta faɗi, me kyamara za ta yi? A banɗaki abin ya faru, wurin da babu ɗan kirkin da zai sanya wa mahaifiyarsa kyamara, kuma a lokacin da ku duka kuke barci. Kyamara sai da idon da zai kalle ta. Da safe kuna iya komawa baya ku ga lokacin da ta shiga ba ta fito ba, amma a lokacin aikin gama ya gama. Ita kuma Mama, ki tsaya a matsayinta na minti ɗaya. Matar da ta raine ku, ta yi muku wanka, ta rufa muku asiri tun ba ku san kanku ba, yau a ce tana canja kaya, tana gyangyaɗi a kujera, tana share hawaye idan ta tuna mijinta, duk akwai ido a bango yana kallonta. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Shi ma yayanki ba mugunta ce ta sa shi ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma wanda tsoro ya kama yakan nemi abin da zai saya nan take don ya ji ya yi wani abu. Manufarsa mai kyau ce, kayan aikin ne bai zaɓa daidai ba.

Kafin a sayi ko na'ura ɗaya, a kai Mama wajen likita, a kuma faɗa masa labarin faɗuwar da na murhun a zama ɗaya, tare da duk magungunan da take sha a hannu. Wasu magungunan hawan jini suna sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe tsaye da sauri, musamman daga kwanciya, sai jiri ya ɗebe shi; wasu kuma suna ƙara yawan fitsari, su tashe shi cikin dare. Likita zai iya auna jininta a kwance da a tsaye, ya duba ganinta, ya kuma gwada ƙwaƙwalwarta. Mantuwar murhu sau biyu ba hujja ba ce cewa ciwon mantuwa ya kama ta, domin baƙin cikin rashin miji da ƙarancin barci ma suna kawo haka, amma alama ce da bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. A wannan makon kuma a kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, a shimfiɗa tabarmar roba mai hana santsi, a ɗauke ƙananan darduma da wayoyin lantarki daga hanyar da take bi. Waɗannan ba sa buƙatar intanet, kuma su ne suke rage faɗuwar tun daga tushe.

Na'urorin da zan ba ku shawarar farawa da su su ne masu jin abin da hancin mutum ba ya ji, ko yake ji a makare. Na farko mai gano hayaƙi. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta nuna cewa kusan uku cikin biyar na mutanen da gobarar gida take kashewa a ƙasar suna mutuwa ne a gidajen da babu wannan na'ura, ko akwai amma ba ta aiki. Dalilin a fili yake: mai barci ba ya jin ƙaurin hayaƙi yadda muke zato, kuma hayaƙin ne yakan kashe kafin wutar ta iso. A maƙala ta a rufin ɗakin kwana da na hanyar da ke kaiwa gare shi, a nisanta ta da murhu kamar mita 3 don kada tururin girki ya riƙa tayar da ita a banza, domin ƙararrawar da ta cika kukan ƙarya, ƙarshenta a cire mata batir. A gwada ta kowane wata, a canja ta bayan shekara 10. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne, tsufa yakan fara ɗauke jin siririn sauti, ƙarar waɗannan na'urori kuma siririya ce. Idan jin Mama ya ragu, a nemi mai kaurin murya, ko wadda take haɗe da ɗan faifan da ake sanyawa ƙarƙashin matashi ya girgiza gado.

Na biyu mai gano iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, tana fitowa daga duk abin da ke cin mai, gas, itace ko gawayi idan bai sami isasshiyar iska ba, kuma tana manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin take mannewa sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da dattijuwa za ta ɗauka gajiya ce ta je ta kwanta, kwanciyar kuma ita ce haɗarin. Na'urar tana zama kusa da ɗakin kwana. Idan akwai janareta a gidan, wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ko da na'urar tana nan.

Na uku mai gano yoyon gas, wanda ya shafi Mama kai tsaye. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru a lungu da ƙarƙashin kabad. Don haka ƙasa-ƙasa ake sanya na'urarsa, kusa da daɓe, saɓanin ta hayaƙi da ke sama. Wanda ya maƙala ta a rufi ya yi aikin banza. Warin da muke ji na gas wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan don a gane yoyo, hancin dattijo kuwa yakan yi rauni kamar yadda ido da kunne suke yi. A nan ne fasahar zamani take nuna amfaninta sosai: akwai na'urar da ake haɗawa da wani bawul a kan bututun gas, da zarar ta ji yoyo sai ta rufe shi da kanta, sannan ta aika saƙo wayarku. Akwai kuma murhu mai yanke gas idan wuta ta mutu, da na'urar da ke kashe murhun idan ya daɗe a kunne babu mai motsi a kicin. Ƙwararren mai aikin gas ne zai haɗa waɗannan, kada a ba wa wanda zai gwada sa'a. Bambancin ƙararrawa ta gargajiya da mai haɗi da waya shi ne, ta farko tana kuka ne ga wanda ke cikin gida kaɗai, alhali wanda ke cikin gidan yana iya zama shi ne ya suma. Ban taɓa jin uwar da ta ce mai gano hayaƙi yana leƙenta ba, shi ya sa nake ganin ta wannan ƙofar za ku fi samun yardar Mama.

Sai batun faɗuwa. Abin da aka fi sani shi ne madannin gaggawa da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu, a danna shi ya kira mutanen da aka tsara. Yana da amfani, amma ki san rauninsa tun yanzu. Wani bincike da aka yi a Kembirij ta Ingila kan dattawan da suka haura shekara 90, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2008, ya gano cewa a kusan kashi 80 cikin ɗari na faɗuwar da ta same su suna su kaɗai suka kasa tashi, kuma akwai na'urar kira a gidan, ba a yi amfani da ita ba. Wasu ba su rataya ta ba, wasu sun kasa kai hannu gare ta, wasu kuma da gangan suka ƙi dannawa. Wannan na ƙarshen ya kamata ki yi tunani a kansa, domin na san halin iyayenmu: uwa za ta gwammace ta jure har safe da ta tashi ɗanta ƙarfe uku na dare, kuma tana tsoron kada kiran ya zama hujjar da za a raba ta da gidanta. Saboda haka idan za ku ba Mama madanni, ya zama wanda ruwa ba ya ɓatawa, don ta shiga wanka da shi maimakon ta rataye shi a ƙofa, kuma ya zo da alkawari daga bakinku cewa danna shi ba zai taɓa zama dalilin ɗauke ta daga gidanta ba tare da yardarta ba.

Akwai waɗanda suke gano faɗuwa da kansu. Agogon hannu irin Apple Watch ya fara yin haka tun 2018: yana jin saurin faɗuwar jiki da tsayawarsa kwatsam, ya tambayi mai shi ko lafiya, idan kuma ya ji shiru babu motsi kamar minti ɗaya sai ya yi kira. Irin waɗannan sun fi gane faɗuwa mai ƙarfi. Wanda jiri ya ɗeba ya jingina da bango ya sulale ƙasa a hankali, suna iya rasa shi. Agogo kuma yana son caji kusan kullum, mutane kuwa da dare suke sa caji, daidai lokacin da Mama ta faɗi. Idan shi kuka zaɓa, a riƙa yi masa caji da rana lokacin da mai taimaka mata take gida. Ga banɗaki kuwa, abin da ya fi kwanta mini shi ne na'urar bango mai aiki da radar, wato igiyoyin rediyo masu gano motsi, wadda ba ta ɗaukar hoto ko kaɗan, sai dai ta gane cewa jikin da yake tsaye yanzu yana ƙasa kuma bai tashi ba. Ba a rataya ta, ba a manta ta, kuma ba ta ganin tsiraicin kowa.

Ko ba a sami wannan ba, ƙananan na'urorin jin motsi suna iya yin rabin aikin. Ɗaya ba ta wuce girman akwatin ashana ba, zafin jikin mai wucewa take ji, ba ta san fuska ba. Ki kwatanta daren nan da su a gidan. Mama ta sauko daga gado, fitilar ƙasa ta kunna kanta da haske mai laushi, ba sai ta laluba bango tana neman makunni ba. Ta shiga banɗaki, na'urar ƙofa ta lura. Minti 30 sun wuce, ba a ji motsi a hanya ko a ɗaki ba, sai wayarki ta yi ƙara, ta yayanki ta yi, ta maƙwabciya ta yi. Da haka kwanciyar sa'a biyar ko shida ta koma ta ƙasa da awa ɗaya, kuma babu wanda ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Haka nan ana iya tsara cewa idan har ƙarfe tara na safe ba a ji motsi a kicin ba, alhali ta saba shiga tun bakwai, a sanar da ku.

A ɓangaren lafiya ba zan tsawaita ba, domin yawancin abin da ake tallatawa Mama ba ta buƙatarsa. Abu biyu ne suka dace da ita. Na farko akwatin magani mai ƙararrawa, wanda yake buɗe rabon lokacin kaɗai, ya kuma sanar da ku idan ba a ɗauka ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai suke shan magani yadda aka tsara musu, kuma ga mai mantuwa haɗarin ya haɗa da shan magani sau biyu. Na biyu ma'aunin hawan jini na damtse, wanda yake adana sakamako ya tura waya. A auna bayan ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, hannunta daidai da ƙirji, kuma lambobin na likita ne. Kada ganin lamba a waya ya sa ku ƙara ko ku rage mata magani daga nesa. Idan wani ya kawo muku ɗan ma'aunin iskar oksijin ta cikin jini da ake maƙalawa a yatsa, ku sani cewa wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna yana yawan nuna lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan iyakokinsa a 2021. Idan Mama tana haki ko numfashinta ya yi nauyi, a tafi asibiti ko da na'urar ta ce lafiya.

Duk abin da aka haɗa da intanet ƙofa ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori, ciki har da kyamarori da na'urorin rarraba intanet, ta hanya mafi sauƙi: gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta, waɗanda masu kayan ba su taɓa canjawa ba. Matsalar ta kai Birtaniya ta fara aiki da doka ranar 29 ga Afrilu 2024, wadda ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin zato, ta kuma wajabta wa kamfani ya bayyana tsawon lokacin da zai ci gaba da gyara tsaron na'urarsa. A 2023 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zargi kamfanin kyamarori na Ring da barin ma'aikatansa suna kallon bidiyon cikin gidajen mutane, har aka sasanta da biyan kuɗi. Ki faɗa wa yayanki wannan, don ya san ƙin da Mama take yi ba tsohon tunani ba ne. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Duk na'urar da ta shigo gidan a canja mata kalmar sirri a ranar, a kunna tabbatarwa ta biyu da ke aiko lamba a waya, a kuma bar ta tana sabunta manhajarta. Idan har za a sa kyamara, wurinta ƙofar waje ne, tana kallon waje, kuma Mama ce za ta fara ganin hoton, don ta san mai ƙwanƙwasawa kafin ta buɗe. Ta haka idon ya zama nata.

Ku kuma yi wa mai sayarwa tambayoyi biyu: idan wuta ta ɗauke fa, idan intanet ya yanke fa? Ƙararrawar hayaƙi da ta gas dole su yi kuka a cikin gida ko babu intanet, na'urar rarraba intanet tana buƙatar batirin ajiya, madannin gaggawa kuma ya fi aminci idan yana da layin waya na kansa. Kamfani ma yana iya mutuwa ya bar ku da kaya a bango, kamar yadda ya faru a Afrilu 2022 lokacin da Insteon, wani kamfanin na'urorin gida, ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, masu na'urorinsa suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki. Zaɓar na'urori masu bin tsarin bai ɗaya irin Matter, mai ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar aiki tare, wanda aka ƙaddamar a 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, yana rage wannan haɗari. Makullin da yayanki yake so kuwa yana da fa'ida guda mai girma, wato ku iya buɗe wa mai kawo ɗauki daga nesa maimakon a tsaya fasa ƙofa. Sharaɗinsa shi ne ya zama ana buɗe shi daga ciki da hannu kawai, ba waya ba lamba, saboda ranar gobara, kuma yana da mabuɗin ƙarfe na ajiya.

Duk wannan bai kai ko'ina ba idan babu amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ƙararrawa ta yi kuka ƙarfe uku na dare, wa zai je? Ke kina nesa, yayanki yana nesa. Saƙon da ya shigo wayarki bai ɗaga Mama daga ƙasa ba, sai dai ya sa ki tsaya a tsakar ɗaki kina rawar jiki. Kuna buƙatar mutum biyu a kusa da ita, waɗanda ita ta yarda da su, da suka amince a tashe su cikin dare, suke riƙe da mabuɗi, suka san magungunanta da asibitin da za a kai ta, suka kuma san cewa wanda ya faɗi yana kukan ƙugu ko wuya ba a ɗaga shi da ƙarfi. Ku daidaita wayoyinku yadda saƙon gaggawa zai yi ƙara ko an sa waya shiru. Ku kuma yi tunani da gaske kan samun wanda zai riƙa kwana a gidan, ko da a wani ɗakin ne, domin idan likita ya tabbatar mantuwar tana ƙaruwa, lokaci zai zo da na'ura ba za ta wadatar ba. Ina kuma roƙonki abu ɗaya: kada ganin alamar motsi a waya ya maye gurbin kiran da kike yi mata. Na'ura za ta gaya miki Mama ta shiga kicin, amma ba za ta gaya miki muryarta ta yi sanyi yau ba.

Game da sulhu, ki fara da yayanki ku kaɗai. Ki gode masa, ki nuna masa kin san tsoro ɗaya kuke ji, sannan ki roƙe shi ya janye maganar kyamara a ɗakuna gaba ɗaya, ya kuma faɗa wa Mama da bakinsa cewa ya janye. Kada ku yi gigin sanya komai a ɓoye, domin ranar da ta gano, za ta daina yarda da na'urorin da ku baki ɗaya. Bayan haka ku je wajenta da ƙafarku, zuwa da kai ya fi aike. Kada ku fara da lissafin abin da ta kasa. Ki ce mata, "Mama, tun daren nan ba na barci, ki taimake ni in sami natsuwa." Uwar da za ta ƙi abu saboda kanta takan karɓe shi saboda 'yarta. Ku ajiye na'urorin a gabanta ta riƙe su a hannu, ta ga babu ido a jikinsu, ku nuna mata a wayarku ainihin abin da kuke gani, ta zaɓi wanda za a sanar da wanda ba za a sanar ba, ku kuma yarda cewa gwaji ne na wata ɗaya, abin da ta ƙi bayan nan za a cire.

Ranar da aka gama haɗawa, kafin ku koma bakin aiki, ku yi gwaji na gaske. Ki zauna kusa da Mama, ita da kanta ta danna madannin, ku duba agogo ku ga minti nawa ya ɗauka kafin wayoyi su yi ƙara, minti nawa kafin maƙwabciyar ta iso, ta buɗe ƙofa da mabuɗinta, ta tsaya a gabanta. Ku sake gwadawa an kashe wutar gidan, ku sake an cire intanet. Idan lokacin ya wuce minti 15, ko wani gwajin ya gaza, to a gyara wannan kafin a ƙara sayen komai.